Yadda rijiya ta huɗu ta cinye aikin Zuwaira

Ni dai in ana zancen Zuwaira 'yar Malam Illa baduku, raina ɓaci yake yi, don haka ku yi mini uzuri in kun ji na ɗaga murya. Sunana Ɗanƙarami, direba ne ni. Shekarata goma sha ɗaya ina jan kamiyon kamfanin Alhaji Yunusa tsakanin Damagaram da dajin mai da ke can gabas, tafiyar kwana biyu in taya ba ta yi gardama ba. Zuwaira kuwa taubashiyata ce, uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito. Tun tana rarrafe nake ce mata matata, ita kuma tun da bakinta ya buɗe take ce mini bawanta. Kun ga ke nan abin da zan faɗa ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

A Birni aka haife ta, cikin lungun dukawa, inda ko babur sai ya karkace yake wucewa. Tun tana ƙarama ba a yi mata zance a dunƙule. In kawuna ya ce fata ta kusa ƙarewa, sai ka ji 'yar murya daga bayan buhu: "Baba, saura bakwai da rabi." In an ce baƙi na nan zuwa da yawa, sai ta ce su nawa. An sha dungure mata kai a kan wannan hali, ko a jikinta. A lakwal, wato makaranta, babu mai kama ƙafarta a lissafi. Ta gama lise, wato sakandare, ta yi shekara biyu a Yamai tana koyon yadda ake tsara manyan ayyuka, ta dawo da takarda mai hatimi. Daga nan sai zaman jira. Shekara uku cur tana ƙulla zoɓo da kunun aya tana aikawa bakin tasha, mai takarda ke nan. Ranar da Alhaji Yunusa ya samu aikin gyaran rijiyoyin mai ya ce yana neman mai bin sawun aiki, maza goma sha biyu suka zauna jarrabawa da ita, ta kayar da su duka.

Bari in gaya muku abin da aikin yake, don wasu na ɗauka rijiyar mai in an haƙa ta shi ke nan. Ina! Ita ma tana ciwo kamar rijiyar unguwa. Rairayi ya cika ta, ko famfon da ke can ƙasa ya mutu. Sai a kawo injin gyara, wata doguwar hasumiyar ƙarfe, a zaro bututun da ke cikin ramin ɗaya bayan ɗaya, a yashe, a sauya famfo, a mayar da bututun. Injin nan ba namu ba ne, na haya ne, kuma kowace rana ta Allah miliyan uku na sefa yake ci, ko ya yi aiki ko ya wuni yana kallon sama. Su kuma masu rijiya sun yanka mana ranar gamawa, in an wuce ta sai sun zabtare mana.

To aikin Zuwaira shi ne kada a wuce ta ba a sani ba. A bangon birommu, wato ofishinmu na Damagaram, akwai wani babban allo, nan take rubuta abu uku a kan kowace rijiya: kwana nawa aka tsara, aiki nawa aka yi, kuɗi nawa aka ci. Na taɓa ce mata wannan ai wasan yara ne. Ta ce: "Bawana, in na ba ka gona ka nome cikin kwana goma, na haɗa ka da tiya goma ta gero, rana ta biyar na zo na iske ko kwata ba ka yi ba amma ka cinye tiya bakwai, sai na jira rana ta goma kafin in san akwai matsala?" Tun daga ranar ban sake raina allon nan ba.

Kullum ƙarfe bakwai na safe take kiran shef ɗin da ke daji, wato shugaban ma'aikata. Ba ta karɓar "aiki da godiya", ba ta karɓar "saura kaɗan". Tambayarta ɗaya ce: bututu nawa ne a ƙasa, mutum nawa ne a bakin aiki, gazwal, wato man injin, lita nawa ya rage. Shef ɗinmu na farko, Kolo, Babarbare ne mai zafin kai, har jifa da waya ya taɓa yi. Ta bari ya huce ta sake kira, ta ce: "Shef, ɗazu layi ya katse. Bututu nawa?" 'Yan daji suka laƙaba mata Hajiya Nawa. Amma shekara huɗu ba a taɓa cin Alhaji tara ba, don tun abu bai lalace ba take hango shi, ta sa a tura famfo ko a ƙara mutum. Ta gyara wa kawuna katangarsa, ta sayi babur nata na kanta. Ita kaɗai ce mace a kamfanin da ke da katin shiga daji. Tana son aikin nan, so na gaske, ba don albashi kawai ba. In rijiya ta ƙare a ranarta har rawa take takawa a gaban allon.

Ana nan ta yi aure. Ita ta zaɓi abinta, Mahamud, mushe ne, wato malami, a wata lakwal, mutumin Durum, salihi wanda ko ka sa masa yatsa a baki ba zai ciza ba. Ubansa Malam Nomau shekararsa talatin a aikin rijiya, ya faro daga haƙa ta ruwa har ya kai ga ta mai. Dattijo ne na ƙwarai, ba ya cin haƙƙin kowa, wannan zan shaide shi ko gaban alƙali. Wata takwas bayan bikin Kolo ya aje aiki ya koma garinsu, Alhaji ya rasa wanda zai ɗauko ya maye gurbinsa duk faɗin ƙasar nan sai Malam Nomau. Har yana murna, wai tuwona maina.

Ranar da aka faɗa, Zuwaira ta iske ni ina wanke kamiyo. Ta ce: "Ɗanƙarami, na shiga uku." Ban taɓa jin ta kira ni da sunana ba sai ranar. Ni kuwa wawa sai na sa dariya, na ce yau Hajiya Nawa ta gamu da gamonta.

Ku da kuke 'yan ƙasa kun san abin da take nufi. Matar ɗa ba ta faɗin sunan surukinta, ba ta haɗa ido da shi, ba ta tsayawa a kansa yana zaune. Balle a ce ta kira shi da sassafe ta titsiye shi da nawa, nawa, ko ta ce masa lissafinsa bai yi ba. A gidajen Durum ma abin ya fi tsanani. Ta je ta roƙi Alhaji ya ba wani wannan kiran na safe. Ya ce: "Wa zan ba? Ai don shi nake biyanki. Yanzu ma abin ya fi sauƙi, magana ta zama ta cikin gida." Ya ɗauki makullinsa ya fita.

Wallahi da idona na gani. Bakwai na bugawa sai ta gyara mayafi, ta sauko daga kujera ta durƙusa a kan simintin biro, waya a kunne, tana rusuna wa mutumin da ke nisan tafiyar kwana biyu. A gaisa, a tambayi kwanan daji, a tambayi zafi, a tambayi ciwon gwiwa. Can ƙarshe ta ce cikin sanyin murya: "Baba, yaya aikin?" Ya ce: "Alhamdu lillahi 'yata, yana tafiya, saura kaɗan." Ta ce: "To Allah ya taimaka, Baba." Shi ke nan an gama. Ta tashi ta tsaya gaban allo da alli a hannu, babu adadin da za ta rubuta. Ta gwada kiran sauran ma'aikata a ɓoye, kowa ya ce sai dai ta tambayi shef, su ba sa tsallake babba.

Sai ta ɓullo da dabara. Ta riƙa rubuta abin da tsari ya ce ya kamata a kai a ranar, in na dawo daga daji in kawo mata ainihin ƙidaya ta daidaita. Rijiya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, duk suka tafi daidai, don tsohon ya iya aikinsa. Da ma tun a ta farko asiri ya tonu, da ya fi mata. Amma da abin ya yi sau uku sai kowa ya saki jiki, har ita.

Rijiya ta huɗu farkon watan Yuni aka fara ta. Bututu ɗari da casa'in, kwana goma sha biyu aka yanka mana. Rana ta uku sai waya ta fara kuka a aljihun ma'aikata: an yi ruwan shuka a Durum, an yi a Damagaram Takaya, ƙasa ta jiƙu har kamu ɗaya. Mutum goma sha huɗu ne a bakin rijiyar, tara daga cikinsu 'yan ƙauyukan nan ne, kuma Malam Nomau da kansa ya ɗauko su daga hannun iyayensu. Shida suka zo suka zube gabansa. Kowa ya sani shuka ba ta jiran kowa, in danshin ya wuce ka yi asarar shekara. Ta ina zai kalli ɗan amininsa ya ce masa a'a? Ya ce su je, mako ɗaya, su dawo. Bai gaya wa Alhaji ba, kuma sakin ma'aikata ba izini laifin kora ne, shi ma ya sani.

Wa ya kwaso su? Ni ne nan. Ba zan ɓoye ba. Kamiyo zai dawo wayam, ga mutane na roƙo, ni ma ina da 'yar gonata a hanyar Mirya. Na ce su hau. Mutum takwas suka rage, ba su isa a raba su kashi biyu ana karɓeɓeniya ba, aikin ya koma tafiyar hawainiya.

Ranar Alhamis na iso, kwana shida ke nan da farawa. Na shiga biro na iske allo na cewa an ci rabin aiki. Na ce: "Matata, goge wannan, ƙarya ne." Na zayyana mata komai. Ta zauna daɓas. Kashegari Juma'a, ranar da take aika wa masu rijiya rapor, wato rahoton mako, da sa hannunta a ƙasa. In ta rubuta gaskiya, tambayar farko da za a yi ita ce ina mutane suka tafi, wa ya sallame su. Ke nan ita da hannunta ta kai ƙarar uban mijinta. In ta rubuta abin da ke kan allo, ta sa hannu a kan ƙarya, kuma a wannan aiki sa hannunka shi ne jarinka, in ya zube ka zube.

Ba wai ta zauna ta naɗe hannu ba. A yinin Alhamis ɗin nan ta je har lakwal ta fito da Mahamud daga aji. Ya ce: "Ni in kira Baba in ce bututu nawa? Zuwaira, ki rufa mini asiri." Ta hau babur ta tafi Durum da goro da sabulu wajen uwar mijinta, ta yi ta kewaye-kewaye har ta kai ga zancen. Tsohuwar ta ce: "Malam ya san aikinsa tun ba a haife ki ba, 'yar nan. Sha fura." Ta dawo ta ce ni in kira. Na kira, na ce Baba ana so a san inda aka kwana. Ya ce: "Ɗanƙarami, riƙe sitiyarinka." Ƙit ya kashe. Kai jama'a! Mutum huɗu masu hankali, adadi ɗaya tak ake nema, an rasa mai karɓo shi.

Da safen Juma'a na tsaya a kanta. Na ce kada ki sa hannu. Na ce ki je ki faɗa wa Alhaji, in ya so shi ya ji da tsohon. Ta ce mutanen za su dawo ranar Litinin, tsohon gwani ne, in suka dage za su cike giɓin, babu wanda zai ji babu wanda zai gani. Na ce in ba su dawo ba fa? Ta ce: "To in kai shi a kore shi, sannan in koma gidan ɗansa in dafa tuwo? Da wane ido?" Ta rubuta cewa aiki na kan lokaci, ta sa hannu. Na fita na doki tayar kamiyo da ƙafa har sai da yatsana ya kumbura.

Ana wata ga wata. Bayan ruwan farko sama ta ɗauke, rana ta ƙone shukar, da aka sake yin ruwa dole suka tsaya maimai. Litinin ta zo babu ko mutum ɗaya. A kwana na goma ta ce in kai ta daji. Ba za ta tambaya ba, za ta ƙirga da idonta.

Mun isa ranar da ya kamata a miƙa rijiyar a gama. Ta ɗora hular kwano a kan mayafi, ta nufi inda ake jera bututun da aka zaro, tana tafe tana taɓa kowanne da yatsa. Ɗari da talatin da ɗaya. Saura hamsin da tara a cikin rami, ko famfon ba a gani ba, balle yasa, balle mayarwa.

Malam Nomau kuwa murna ta kama shi, surukarsa ta zo. Ya sa aka yanka akuya. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar wata kwantena, ita ta durƙusa ɗan nesa kaɗan ta juya gefe, ni aka dasa ni a tsakiya kamar turke.

Ya ce: "Ɗanƙarami, ka ce wa 'yata ta sha hanya. Me ya fito da ita cikin wannan rana?"

Ta ce: "Ka ce wa Baba gaishe shi na zo yi."

Na kasa haƙuri. Na ce: "Baba, ba gaisuwa ce ta..." Ta ɗago ta watsa mini wani kallo, na haɗiye sauran.

Ya ce: "Ka ce mata kada ta sa komai a ranta. Yaran suna hanya."

Ta ce: "Ka ce wa Baba Allah ya kawo su lafiya."

Taku uku ne tsakaninsu, kowa na jin kowa sarai, amma sai ta bakina. Aka ci nama, ya ba ta dabino cikin leda ta kai gida, muka juyo. Muka kama hanya har muka yi nisa. Can ta ce, ba da ni take ba: "Kwana goma sha shida za a ƙara. Miliyan arba'in da takwas na haya kawai." Muna isa inda waya ke kamawa a hanya ta aika wa Alhaji da masu rijiya gaskiyar ƙidaya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Kwana biyu da dawowarmu aka yi zama a biro: Alhaji, da wakilin masu rijiya, wani dogo mai tabarau da ya taso daga Yamai, da ita. Ni ina kan benci a bakin ƙofa, ƙofar kuwa ba ta rufuwa sosai. Mutumin bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi. Ya ce jinkiri ba baƙon abu ba ne a wajensu, rijiya takan yi gardama. Ya ce da an gaya musu tun ranar Juma'ar nan, suna da wasu ma'aikata a rijiyar da ke kusa, da sun aro mana mutum shida, asarar ba ta wuce ta kwana biyu ba. Kun ji fa! Kwana biyu! Abin da ba zai haɗiye ba shi ne takarda ta ce lafiya alhali ba lafiya. Ya ɗaga rapor ɗin ya ce: "Madam, wa ya ba ki wannan adadin?"

Ta ce: "Babu wanda ya ba ni. Ban tambayi shef ba. Ni na rubuta."

Ya ce: "Mutanen fa, yaya aka yi suka ragu?"

Ina jira in ji ta faɗa. Wallahi har na miƙe tsaye. Sai ta ce: "Lokacin shuka ne. Ni na tsara kwanakin, kuma ban sa shi a lissafi ba. Kuskurena ne."

Alhaji ya san gaskiya, ya san ta sarai, amma ya dasa ido a kan takalminsa. In ya kori Malam Nomau mutum tara za su bi shi, ga rijiya biyu a gaba. In ya saki Zuwaira, allo ne da alli, wani zai riƙe. Wakilin ya ce daga yau ba za su sake karɓar takarda mai sa hannunta ba, kuma a karɓe katinta na shiga daji. Ta ciro katin daga wuyanta ta aje a kan tebur. Da ta fito ta wuce ni, ta tsaya gaban allon ta gyara adadin rijiya ta huɗu, ta rubuta na gaskiya, sannan ta ɗauki jakarta. Na raka ta har Birni tana tura babur, ba ta hau ba. A bakin lungu ta fashe da kuka, ni ma na taya ta, ƙato da ni.

Aka taru aka ƙulla cewa tsohon ba zai ji ba. Mahamud ya roƙa, ita ma ta roƙa, aka ce a gaya masa ta ɗauki kwanje ne tana hutawa. Aka ɗauko wani Lawali daga Maraɗi ya gaji allon. Ita kuwa babu kamfanin da zai taɓa ta, don zancen sa hannu a wannan sana'a ya fi iska gudu. Ta koma ƙulla zoɓo.

Cikin watan Agusta ina daji, na kwana can, da safe ina shan shayi kusa da Malam Nomau sai wayarsa ta yi ƙara. Lawali ne. Ko gaisuwar kirki ba a gama ba na ji tsoho ya kama zubowa: "Bututu ɗari da goma sha biyu a ƙasa. Mutum goma sha uku, ɗaya na zazzaɓi. Gazwal zai kai mu Laraba. Mun makara da rabin yini, ka rubuta." Tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu.

Da ya gama na ce: "Baba, ashe ka iya wannan? To me ya hana ka faɗa wa Zuwaira haka?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce: "Haba Ɗanƙarami. Matar ɗana ta durƙusa ta gaishe ni da sassafe, ni kuma in ɗora mata kayan baƙin ciki? Ai da kunya. Kuma ba ta taɓa tambayata ba. Na ɗauka gaisuwa ce take kira, lissafin kuwa kai kake kai musu." Ya kurɓi shayi. "Af, yaushe za ta dawo daga kwanjen nan? Ya yi tsawo."

Nan ne kaina ya ɗauki zafi. Na manta roƙon Mahamud, na manta nata. Na ce babu wani kwanje, Baba, korarta aka yi. Na ce saboda kai ne. Na ce ta sa hannu a kan ƙarya don kada a taɓa ka, aka tambaye ta wa ya saki mutane ta ce laifinta ne, yanzu tana can tana sayar da zoɓo da takardarta a ƙarƙashin katifa. Ban rage komai ba, a gaban ma'aikatansa kuma.

Tsohon ya cire hular kwano ya aje a ƙasa, ya daɗe yana kallon rairayi. Da zan tashi ya shigo gaban kamiyo ya zauna. Haka muka yi tafiyar kwana biyu har Damagaram.

Biro muka fara zuwa. Ya ce wa Alhaji laifinsa ne, a kore shi a mayar da yarinya. Alhaji ya ce ihu bayan hari ne, ba shi ya soke sunanta ba, masu rijiya ne, kuma ba sunan Nomau ne a kan takardar ba. In ya tafi ma ba abin da zai dawo da ita, sai dai mutum tara su rasa abinci. Muka fito muka nufi gidan Mahamud. Tsohon ya ƙi wuce zaure. Ta fito ta durƙusa a bayan labule, ledojin zoɓo na ɗiga a hannunta.

Ya ce: "Ɗanƙarami, ka ce mata..." Dattijo mai shekara sittin da wani abu, hawaye na bin gemunsa.

Ta ce: "Ka ce wa Baba ba komai. Ka ce ya shigo, abinci ya sauka."

Bai shiga ba. Ya juya ya bi lungu, yana tafe yana dafa bango.

Ni kuwa na tsaya ina jin na yi abin kirki, har ina shirin in ce mata to yau dai gaskiya ta yi halinta. Ta yaye labulen ta fito. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Ta ce: "Wa ya aike ka?"

Na ce ai ya kamata ya sani.

Ta ce: "Ya sani, sai me? An mayar mini da katina? Aikina ya tafi, na haƙura. Abu ɗaya tak na saya da shi, tsohon nan ya riƙa ɗaga kansa a gaban yaransa. Shi ma ka je ka ƙwace. Yanzu a banza na bayar ke nan." Ta goge hannunta a zane. "Je ka bi shi ka kai shi masauki, gwiwarsa ba ta da lafiya."